Mutum Biyu a Kan Ɗaya: Yadda Manyan 'Yan Ƙwallon Kwando ke Karanta Wasa

Duk wanda ya kalli ƙungiyar Golden State Warriors a shekarun da take tashe, daga 2015 zuwa 2019, ya ga wannan abu har ya gaji da gani. Stephen Curry ya taho da ƙwallo ya tsallako tsakiyar fili. Draymond Green ya tako ya tsaya ƙiƙam a kan hanyar mai gadin Curry, ya zame masa shinge. Curry ya kewaya ta jikin kafaɗar Green. Mai gadin ya makara da taku ɗaya, taku ɗayan nan kuwa ya ishi Curry ya jefa daga nesa, don haka dole ƙaton da ke gadin Green ya saki nasa ya fito ya taya tarewa. Mutum biyu ke nan a kan Curry. Shi kuwa sai ya cilla ƙwallon ta saman kawunansu, ya faɗa hannun Green da ya riga ya juya yana gangarawa wajen kwando.

A nan sai a yi lissafi. Biyar-biyar ake bugawa. Biyu sun tafi kan Curry an baro su a baya, saura 'yan Golden State huɗu a kan masu tsaro uku. In wanda ke gindin kwando ya fito ya tari Green, sai Green ya ɗaga ƙwallon sama ga abokinsa da aka bari a bayansa ya dangwara. In mai gadin wanda ke kwana, wato kusurwar fili, ne ya shigo taimako, sai ƙwallo ya tafi kwana, inda Klay Thompson ke jira hannu a shirye. In kowa ya tsaya a kan nasa, Green ya wuce ya saka da kansa. Wannan giɓi ba ya daɗewa, daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, kafin waɗanda aka baro su dawo su toshe.

Kusan duk abin da ake kira dabarar ƙungiya a ƙwallon kwando na manya, a nan ya tattara: yadda za a tilasta wa mutum biyu su koma kan mutum ɗaya, da abin da za a yi da ɗan lokacin da hakan ya buɗe. Zane-zanen da ake ganin koci yana yi a ɗan allonsa suna da amfani, amma iyakarsu su kai 'yan wasa bakin wannan ƙofa. Abin da zai biyo baya, ɗan wasa ne zai gani ya yanke hukunci, kuma sauran huɗun su yanke irin nasa a lokaci guda ba tare da an yi magana ba.

Dokokin wasan ne suka sa haka. Tun 1954 gasar NBA ta Amurka ta kafa dokar daƙiƙa 24: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dole ta jefa kafin lokacin ya cika, ko a karɓe. Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse Nationals, shi aka fi jingina wa ita, kuma lissafin mai sauƙi ne, an raba daƙiƙa 2,880 na wasan minti 48 da jifa 120. A yau kowace ƙungiya kan kai hari kusan sau 100 a wasa guda. Koci kuwa sau bakwai kacal yake da damar tsayar da wasa ya tara yaransa. Ko da yana ɗaga yatsu daga gefe yana kiran sunan dabara, da zarar abokan hamayya sun toshe zaɓi na farko, saura daƙiƙa goma sha wani abu, babu lokacin waiwayen benci. Saboda haka abin da manyan koci-koci ke shukawa a kan 'yan wasa ya fi kama da yarjejeniya: in suka yi kaza, kaza za mu yi, in suka canza, ga inda kowa zai koma.

Shingen nan da Green ya kafa, wanda masu wasan ke kira fik-an-rol, shi ne ya fi nuna yadda yarjejeniyar take aiki. Tsohuwar dabara ce. John Stockton da Karl Malone sun shafe shekara 18 suna yin ta a Utah, kowa ya san za su yi, aka kasa hanawa, har Stockton ya bar tarihin miƙa ƙwallon da aka ci sau 15,806. Masu tsaro suna da amsoshi, kowace kuma da kuɗinta. Mai gadi zai iya bi ta bayan shingen ya tari mai ƙwallo a gaba, amma ya ba shi sarari ke nan ya jefa, wanda a kan irin su Curry kashe kai ne. Zai iya bin sa ta sama yana manne da shi, ƙaton ya ja baya ya tsare kwando, sai a bar fili a tsakiya, inda Chris Paul ya yi shekaru yana cin abinci da ɗan gajeren jifansa. Za su iya musayar mutane, ƙato ya karɓi ƙarami, ƙarami ya karɓi ƙato, sai a sami dogo mai nauyin ƙafa a gaban mai zafin nama a waje, ga kuma gajere a bayan ƙato a gindin kwando. Ko su rufar wa mai ƙwallo su biyu, a koma huɗu a kan uku. Gaba kura, baya sayaki. Babu amsar da ke toshe ko'ina, sai dai ƙungiya ta zaɓi jifan da ta yarda a yi mata.

Ga inda gwani ke rabuwa da wanda bai kai ba. Matsakaicin ɗan wasa idonsa na kan mai gadinsa. Wanda ya fi shi yana kallon ƙaton da ke bayan shingen. Irin su LeBron James da Luka Dončić da Nikola Jokić kuwa, mutum na uku suke kallo, wato mai tsaron da ke can ɗaya ɓangaren, wanda aikinsa ne ya shigo ya tare mai gangarawa. In ƙafarsa ta karkata ciki ko da rabin taku ne, ƙwallo ya tafi wajen wanda ya bari. In ya tsaya, ƙwallo ya shiga ciki. Wani lokaci da ido kawai suke yaudararsa, su kalli kwana su miƙa ciki. Kwanar nan kuma ba banza ake tsayar da mutum a cikinta ba. Layin maki uku a NBA yana da nisan mita 7.24 daga kwando ta sama, amma a kwana mita 6.70 ne. Jifa mafi kusa ke nan da ake biyan maki uku a kansa, kuma wurin da ya fi yi wa mai taimako nisan komawa.

Layin kansa ya sauya taswirar wasan. Lokacin da NBA ta kawo shi a kakar 1979 zuwa 1980, ƙungiya ba ta kai jifa uku daga bayansa a wasa guda. A 'yan shekarun nan ana yin wajen 35. A ce mutum yana saka 35 cikin 100 daga bayan layi, ya tara maki 105. Wani yana saka 45 cikin 100 daga ɗan cikin layin, ya tara 90. Da masu lissafi suka shigo ofisoshin ƙungiyoyi, wannan ne abu na farko da suka nuna. Amma babbar riba ba a makin take ba. Duk ɗan wasan da ake tsoron jifansa yana jan mai gadi ɗaya ya fitar da shi nesa da kwando, fili ya buɗe wa saura. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofi biyu da Houston a 1994 da 1995 a kan wannan tsari tun kafin ya zama yayi. Koci Rudy Tomjanovich ya kewaye shi da majefa irin su Kenny Smith da Robert Horry da Mario Elie. A bar shi da mutum ɗaya ya wulaƙanta shi, a kawo na biyu ya fitar da ƙwallo waje.

To me ke cikin kan waɗannan mutane da suke ganin abin da sauran ba sa gani? Mutane kan ce baiwa ce, su wuce. Masu bincike sun ɗan tona. A 1980 Fran Allard da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna wa 'yan ƙwallon kwando da waɗanda ba sa bugawa hotunan fili na 'yan daƙiƙu, sannan aka ce kowa ya nuna inda 'yan wasa suke tsaye. In hoton na wasa ne mai tsari, 'yan wasan sun fi tunawa nesa ba kusa ba. In na hargitsi ne, inda mutane ke warwatse babu fasali, fifikon ya ɓace. Irin sakamakon da William Chase da Herbert Simon suka samu ke nan a 1973 a kan gwanayen wasan ces. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tsofaffi masu dara a gindin bishiya ya san wannan. Gwani ba ramuka yake ƙirgawa ɗaya-ɗaya ba, kallo ɗaya zai yi ya gane fasalin da ya sha gani, ya san inda za a ci shi nan da taku uku. Haka ɗan ƙwallon kwando ba mutum tara yake bi da ido ba, fasali ɗaya yake gani wanda ya san sunansa da yadda yake ƙarewa.

Shi ya sa abin da LeBron ya yi a watan Mayun 2018 bai kamata ya zama abin al'ajabi sosai ba, ko da yake ya burge. Bayan Boston ta lallasa ƙungiyarsa ta Cleveland a wasan farko na ƙarshen gasar yankin gabas, wani ɗan jarida ya tambaye shi me ya faru a farkon zango na huɗu. Sai ya shiga jero harin ɗaya bayan ɗaya, wa ya jefa, daga ina, wa ya cafe, wa ya zubar, har 'yan jarida suka tafa masa. Wani binciken da Salvatore Aglioti ya jagoranta a Italiya, wanda aka buga a 2008, ya ƙara wani abu. An nuna bidiyon mutum yana jifa, ana yankewa a matakai daban-daban. Ƙwararrun 'yan wasa sun fi koci-koci da 'yan jaridar wasanni saurin gane ko zai shiga, tun ƙwallon bai gama barin hannu ba. Daga motsin jikin mai jifan suke karantawa, domin jikinsu ya san motsin.

Sauran kuma aiki ne na zama a ɗaki. Kafin kowane wasa ana ba 'yan wasa rahoto a kan abokan karawa: wannan ya fi son bi ta hagu, wancan in ya buga ƙwallo a ƙasa sau biyu jifa zai yi, ga alamar hannun da kocinsu ke yi in yana son dabara kaza. A kakar 2013 zuwa 2014 aka sa kyamarori a rufin kowane filin NBA da ke ɗaukar matsayin kowane ɗan wasa da ƙwallo sau 25 a daƙiƙa. Shane Battier, wanda ba shi da wani tsalle ko gudu na a zo a gani, ya yi suna a Houston da haddace irin waɗannan alƙaluma, yana tura Kobe Bryant wuraren da jifansa ya fi rauni, ya sa masa hannu a fuska maimakon neman taɓa ƙwallon. Dennis Rodman, da mutane suka fi tunawa da launin gashi da rigima, ya ɗauki lokaci yana nazarin yadda ƙwallon kowane majefi ke juyawa da inda yake faɗawa in ya daki ƙarfe. Kaka bakwai a jere, daga 1992 zuwa 1998, babu wanda ya kai shi cafe ƙwallon da ya dawo daga kwando, alhali tsayinsa bai kai na ƙattin da yake kokawa da su ba.

Sai dai ganin mutum ɗaya ba ya cin kofi, kuma Michael Jordan ne babban shaida. A kakar 1986 zuwa 1987 yana cin maki 37.1 a kowane wasa, amma Chicago ba ta zuwa ko'ina. Detroit Pistons ta Chuck Daly ta gano lagonsu: a rufar wa Jordan, a tura shi inda taimako yake, a buge shi in ya shigo, sauran su yi abin da za su iya. Shekara uku a jere, 1988 da 1989 da 1990, Detroit ce ke kora su gida. Phil Jackson, da ya karɓi ƙungiyar a 1989, ya rungumi tsarin mataimakinsa Tex Winter, wanda ake kira alwatika saboda yadda mutum uku ke tsayuwa a gefe ɗaya na fili. A tsarin nan ba a cika kiran dabara daga benci ba. Inda ƙwallo ya tafi da yadda masu tsaro suka tsaya su ne ke gaya wa kowa inda zai nufa. Jordan bai so ba da farko, don ana cire ƙwallo daga hannunsa ana ba waɗanda ba su kama ƙafarsa ba. A wasannin ƙarshe na 1991 da Lakers, yana miƙa ƙwallon da aka ci sama da sau 11 a kowane wasa, kuma John Paxson ne ya yi ta zubawa a mintunan ƙarshe na wasan da suka ɗauki kofi.

A dubi harin ƙarshe na wasa na shida na wasannin ɗaukar kofi a Phoenix a 1993. Ana bin Chicago maki biyu, saura 'yan daƙiƙu. Jordan ya jefo wa B.J. Armstrong daga waje, ya karɓa, ya taho ya ba Scottie Pippen. Pippen ya kutsa ciki, aka tare shi, ya ba Horace Grant a kusa da kwando. Grant yana iya gwadawa, amma ya hango mai gadin Paxson ya shigo taimako, ya mayar da ƙwallo waje. Paxson ya saka maki uku saura daƙiƙa 3.9, aka tashi 99 da 98. Duk su biyar sun taɓa ƙwallon, kuma wanda duniya ke jira ya jefa ba shi ya jefa ba.

A ganina ƙungiyar da ta kai wannan fahimta maƙura ita ce San Antonio Spurs ta 2014. Kocinta Gregg Popovich yana da ƙa'idar da suke kira rabin daƙiƙa: in ƙwallo ya zo hannunka, cikin rabin daƙiƙa ka jefa, ko ka miƙa, ko ka kutsa. Riƙewa kana tunani shi ne laifi, domin kowane ɗan jinkiri dama ce ga masu tsaro su dawo mazauninsu. Shekara guda kafin nan Miami ta ƙwace musu kofi daga baki, bayan jifan Ray Allen daga kwana saura daƙiƙa 5.2 a wasa na shida. Da suka sake haɗuwa, tsaron Miami mai rufar wa mai ƙwallo da gudu sai ya zama tarko ga masu shi. Tony Parker ko Manu Ginóbili ya jawo biyu, ya ba Boris Diaw, Diaw ya taɓa ya wuce da shi, kafin a juya ƙwallo ya ratsa hannu huɗu. A rabin farko na wasa na uku sun saka kashi 75.8 cikin 100 na jifansu, maki 71. Wasanni huɗun da suka ci, da ratar 15 da 19 da 21 da 17 suka ci su, a kan ƙungiyar da ke da LeBron da Dwyane Wade da Chris Bosh.

Abin da kyamara ba ta cika bi ba shi ne mutanen da ba su da ƙwallo, alhali a kowane lokaci tara cikin goma ba su da shi. Curry ya fi wahalar da masu tsaro bayan ya miƙa ƙwallo, domin ba ya tsayawa, yana ta zagaye shinge bayan shinge, har mutum biyu su rikice su bi shi, wani ya samu kwando a buɗe. A Denver, da zarar Jokić ya karɓi ƙwallo ya juya baya, Aaron Gordon na jiran mai gadinsa ya kau da kai ya sulale ta bayansa. Jokić ɗin nan, ɗan garin Sombor na Sabiya, sai a lamba ta 41 aka zaɓe shi a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2014, don ba shi da gudu ba shi da tsalle. Ya zama gwarzon gasar a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗauki kofi a 2023. Amma miƙawarsa da ake yabo ba za ta yi amfani ba in babu mai yarda ya yi gudun da sau da yawa ba za a ba shi ƙwallon ba. Wannan gudun na banza-banza, a wajena, shi ne ma'aunin ko ƙungiya ta yarda da tsarinta.

Ta fannin tsaro, abin baki ne. Wanda ke baya shi ke ganin fili duka, don haka shi ke ihu: shinge na zuwa ta hagu, mu yi musaya, ina bayanka. Kevin Garnett a Boston ta 2008 da Green a Golden State sun shahara da wannan surutu. In ɗaya ya tafi taimako, na kusa ya karɓi nasa, na gaba ya rufe mutum biyu shi kaɗai har a dawo. Mutum ɗaya ya makara, duk ginin ya rushe, kuma galibi wanda 'yan kallo ke zagi ba shi ne mai laifin ba. NBA ta halatta tsaron yanki a 2001, wato mutum ya tsare wuri maimakon ya bi mutum, amma ta hana mai tsaro zama a akwatin gindin kwando fiye da daƙiƙa uku in ba wani yake gadi ba.

A wasannin fitar da gwani ake ganin zurfin abin, domin ƙungiya biyu ne za su yi ta haɗuwa har ɗaya ta ci huɗu, kowa ya san sirrin kowa. A 2015 Memphis ta shiga gaban Golden State da biyu da ɗaya. Sai kocin Golden State, Steve Kerr, ya ɗora ƙatonsa Andrew Bogut a kan Tony Allen, gwanin tsaro mai raunin jifa, aka ce ya ƙyale shi a waje ya zauna gindin kwando. Harin Memphis ya shaƙe, Golden State ta ci uku a jere. A 2019 Milwaukee ta ci Toronto wasa biyu na farko, Giannis Antetokounmpo yana ratsa su yadda ya ga dama. Kocin Toronto, Nick Nurse, ya sa Kawhi Leonard a kansa, sauran, su Marc Gasol da Pascal Siakam ɗan Kamaru, suka riƙa jeruwa a gabansa su gina katanga tun kafin ya ɗauki gudu. Toronto ta ci huɗu a jere. A wasannin ƙarshe da Golden State kuma, da gwaninta Kevin Durant ba ya nan kuma Thompson ya ji rauni, Nurse ya fito da tsaron da aka fi gani a wasan 'yan makaranta, mutum huɗu su tsare yanki, Fred VanVleet ya bi Curry duk inda ya sa ƙafa. Wanda ya haɗa wannan ƙungiya, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando. Giannis, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya dawo da amsarsa a 2021: maki 50 a wasan da Milwaukee ta ɗauki kofi a kan Phoenix, ya saka 17 cikin 19 na jifan kyauta da ake bayarwa in an yi wa mutum ƙeta, wurin da aka saba tura shi don a san zai zubar.

Har jifan da ake ɗauka na jarumtar mutum ɗaya ne, sau da yawa shiri ne. A wasa na bakwai na wasannin ƙarshe na 2016 da Golden State, ana 89 da 89, Cleveland ta tsayar da wasa. Da aka dawo, J.R. Smith ya kafa wa Kyrie Irving shinge don kawai a tilasta musaya, Thompson mai tsayi ya sauka daga kansa, Curry ya hau. Sannan kowa ya ja gefe. Irving ya saka maki uku saura daƙiƙa 53. Farautar mai rauni ke nan, kuma a ƙarshen manyan wasanni yanzu kusan kowa ita yake yi. Lissafi ma yana da ranar da yake juya wa mai shi baya. Houston ta 2018, wadda ta gina komai a kan jifan maki uku, ta zubar da 27 a jere a wasa na bakwai da Golden State, kuma ba ta da wata hanyar da ta saba bi.

Wasannin ƙasa da ƙasa su suka fi tona bambanci tsakanin tara gwanaye da gina ƙungiya. A can minti 40 ake yi, layin maki uku mita 6.75 ne, kuma ƙato na iya zama gindin kwando yadda ya so. A gasar Olamfik ta Atina a 2004, Ajantina, da 'yan wasan da suka taso tare tun suna samari, ta doke Amurka 89 da 81, Ginóbili ya ci 29. A 2006 a Saitama ta Japan, Girka ta ci Amurka mai LeBron da Wade da Carmelo Anthony da Chris Paul 101 da 95, da shingen nan guda, ana ta maimaita shi, Theo Papaloukas da Vassilis Spanoulis suna riƙe da ƙwallo, Sofoklis Schortsanitis, ƙaton da aka haifa a Kamaru, yana gangarawa. Amurkawan kowannensu ya san amsa, amma amsar da ya saba da ita a ƙungiyarsa, biyar ɗin ba su zama ɗaya ba.

Najeriya ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. A Landan a 2012 Amurka ta yi mata 156 da 73. A watan Yulin 2021 a Las Vegas, ƙarƙashin Mike Brown, wanda a lokacin mataimakin Kerr ne a Golden State, 'yan wasan Najeriya, wato D'Tigers, suka baza fili, suka saka jifan maki uku har 20, suka ci Amurka 90 da 87 a wasan share fage, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Mako biyu bayan nan aka shiga gasar Tokyo, suka sha kashi a duk wasanninsu uku na rukuni. Na farkon a hannun Ostireliya ne, 84 da 67, ƙungiyar da Patty Mills da Joe Ingles suka shafe sama da shekara goma suna buga mata tare, wadda kuma ta tafi gida da lambar tagulla.